An Hana Mu Taɓa Banufe

Kusada, 9 ga Maris, 1957

Takarda daga hannun mahaifinka Kabo zuwa ga ɗana Mamuda, malamin gona a Kankiya. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan ka koma lafiya, ya aiki, ya zafin nan da ya fara? Mu nan kalau muke. Mai jego tana wanka, uwarka Tani na tsaye a kanta.

Bayan haka, tun ranar da aka raɗa wa ɗiyarka suna Rabi bakina bai rufu ba. Na yi amarya. Na ce wa Tani ta kwashe kwanukanta ta ba sabuwa ɗaki, ta ce in bari amaryar ta yi haƙora tukuna, tunda na ango sun ƙare.

Sai dai dokar da ka kafa mana kafin ka hau keke ta tsaya mani a wuya. Ka tara mu a zaure ka ce surukinka Malam Ndagi ya taso tun daga Bida don sunan jikarshi, kada wanda ya kuskura ya kira shi bawa ko ya yi mashi ba'ar kifi. Ka ce baƙar fata duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, Bature ke cin ribar rabuwarmu, ga mutanen Gwalkwas can, wadda yanzu ake kira Gana, sun haɗa kai sun karɓi ƙasarsu. Na ji, ban kuma ƙi ba. Amma Mamuda, Banufe a gidan Bakatsine a ce a yi shiru? Jiya Dawuda wanzami ya yi mashi aski bai ce uffan ba, ya fito yana zufa kamar mai zazzaɓi.

Mun bi maganarka, don kai ka yi boko mai zurfi, ni kuwa ajin yamma na shiga da furfurata. Ranka ya daɗe muke ce mashi, mun kuma ware mashi tabarma shi kaɗai. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Kabo

Kusada, 15 ga Maris, 1957

Zuwa ga Mamuda. Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ga amsarka a hannun Bube mai shanu, inda ka ce mu daure, wannan shi ne ci gaba. To, ga inda ci gaban ya kawo mu.

Surukinka ya daina cin abinci sai ɗan kunu. Matarka ta same shi a ɗakin baƙi, ta fito tana kuka ta faɗa wa Tani abin da ya ce. Ya ce yana saurayi ya sha kawo munduwa ƙasar Katsina, kuma bai taɓa sauke kaya a kasuwa ba tare da an fizge mashi hula ana cewa bawa ya zo gaida iyayen gijinshi ba. Da wannan ya san ya zo gida, da wannan ya yarda ya ba Bakatsine ɗiyarshi. Yau ga shi a gidan da ya ba ɗiya ana rusuna mashi kamar mai karɓar haraji. Ya ce wannan ladabi ƙiyayya ce, ba mu karɓi auren ba, kunya ce kawai ta hana mu faɗa.

Har ya gwada ni. Shekaranjiya a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya miƙo mani takalmanshi ya ce bawa ya riƙe wa ubangidanshi. Kowa ya zuba mani ido. Amsa tana kan harshena, mai kyau kuwa, amma na tuna dokarka na ce Allah ya ba shi haƙuri. Da ka ga fuskarshi, sai ka ce marinshi na yi.

Yanzu ya ce ranar kasuwar Kankiya zai sa matarka da Rabi a mota, ba kuma ranar dawowa. Ka zo, ko ka sake mana baki. Ba zan zauna a kai amaryata bakin Kwara ba saboda abin da ka karanta a jarida. Uwarka tana gaishe ka, amma ba da daɗin rai ba.

Mahaifinka,
Kabo

Kusada, 20 ga Maris, 1957

Zuwa ga ɗana Mamuda, gaisuwa da sa albarka. Ina fatan ka dawo daga rangadin Rimaye lafiya, tunda an ce shi ya hana ka zuwa.

Na karya dokarka, kuma ba gafara nake nema ba. Ranar tafiyar an ɗaura kaya a jaki, mai jego ta fito da lulluɓi, Tani ta ɗora mani Rabi a hannu don in yi mata addu'a. Yarinyar nan ta kama gemuna. Sai na ji bakina ya buɗe da kanshi, na ce, "Kai Banufe, tun yaushe bawa ke fita da kayan ubangidanshi ba izini? Sauke, kafin in musanya ka da buhun gero."

Malam Ndagi ya juyo. Ya ce ai ko gero ma Bakatsine ba zai iya bayarwa ba, ya ga tuwon gidan nan. Dawuda da ke tsaye ya fizge mashi hula ya ruga, tsoho ya bi shi da sanda yana dariya har da hawaye. Da hannunshi ya kwance kayan.

Ka saurare ni, Mamuda. Haɗin kan da kake so ni ma ina so. Amma iyayenmu sun riga ka tunani. Da suka gaji da faɗa sai suka ɗaure Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, mu da Nufawa, da igiyar wasa, don mai zaginka yana dariya ba ya zare maka takobi. Mutanen Gwalkwas ɗin nan naka, ka bincika mani su wa suke wasa da su. In ba su da kowa, mu muna da wuri.

Abin da ya rage shi ne, surukinka ya ƙi tafiya. Ya ce sai ya ga yadda bayinshi ke shuka. Ya ƙwace mani inuwar ɗorawa, yana sanye da rigata ta Juma'a, ya cinye zabi biyu yana neman na uku. Mafi muni, ya ce Rabi tashi matar ce, ni ɗan rakiya ne. Ka zo ka ɗauke shi ka kai shi mota. Ita kam tana nan.

Wassalam. Mahaifinka, angon Rabi na gaskiya,
Kabo