Dokin Ƙofar Benen Auta

Benen Auta, Unguwar Hausawa, Anacha.
Yuni, 1960.

Zuwa ga Yaya Alhaji Bubayero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Diyobu. Mu ma lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Gyaran gidan Kaka Auta yana tafiya, Allah ya saka maka da alheri. An sauke tsohon kwano an buga sabo, kafinta ya canza matakalar da gara ta cinye, yanzu mutum yana hawa bene ba sai yana salati ba. Godiyar ke nan, na gama ta. Sauran takardar faɗa ce.

Yaya, wa ya ce a haƙe dokin ƙofa? Na dawo daga kasuwa na tarar Ernest magini ya tone shi da diga, ya zaro maruruwan ƙarfen nan da ke danne a ciki tun ba a haife mu ba, ya goge su da kananzir, ya jera su a bangon falo kamar jeren amarya. Da na tambaye shi sai ya ce, "Madam, na Oga talk am, maigida ne ya ce. Ni aiki aka ba ni."

Ka fi ni sanin abin da suke. In Kaka ya fanso bawa daga jiragen fatake a bakin kogin Kwara, a ƙofar nan maƙeri yake sare masa marin ƙafa, a danna marin cikin ƙasa, Kaka ya ce wa bawan, "Taka ka shiga." Iya Indo tana 'yar ƙanƙanuwa aka cire mata nata, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda ya fanso. Kullum safiya sai ta taka shi ta yi hamdala. Da ta ga an ɗaga shi sama da kanta, ta naɗe tabarmarta ta koma gindin mangwaron ƙofar gida. Ta ce ba za ta sake shiga ba. Maƙwabta sun yi roƙon duniya ta zo gidajensu, ta ce ita tana da gida. Tsohuwa ce tukuf, ga damina, ga shi ta fara tari.

Wallahi raina ya ɓaci. Ka aiko a mayar da su inda suke.

A gaida matarka Haulatu da yara. Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Ramlatu.

Mil Biyu, Diyobu, Fatakwal.
Yuli, 1960.

Zuwa ga Ramlatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma ga yaƙi da jahilcin da kika shiga ya koya miki rubutu, bai koya miki ladabi ba.

Ni na ba da umarnin, kuma da dalili. Bayan bikin samun mulkin kai zan kawo manyan dillalan shanu walima a gidan nan. Kin san ana maganar naɗa Sarkin Zango a nan Fatakwal, kin kuma san Maikuɗi, abokin takarata, yana yawo yana cewa mu 'ya'yan bariki ne, ba mu da asali. To, su zo su gani da idonsu. Gidan da aka tara maruruwa haka, ai ba sai an gaya wa kowa cewa mai shi babban mutum ne mai bayi ba. Kayan tarihi a bango ake sa su, haka ake yi a gidajen manya.

Za ki ce fansa ya yi. Ni ban ga abin da ya raba ba, tun da dukiyarsa ya sa ya karɓo su.

Ita kuwa Indo, rigimar tsufa ce. Baiwar gida ba ta tsara wa jikokin gida yadda za su yi ado. A saya mata bargo da maganin tari, sanyi zai koro ta.

A gaida mutanen unguwa. Wassalam.
Yayanki, Alhaji Bubayero.

Asata, Inugu.
Agusta, 1960.

Zuwa ga ɗana Bubayero,

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa da sa albarka. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Ramlatu ta aiko mini da takardarka. Na sa aka karanta mini, na ce a sake, don na ɗauka kunnena ne ya tsufa. Ashe ba kunnen ba ne.

Mai bayi ka kira Baba? Ni ne ƙaramin ɗansa, a gidan nan na girma, bari in gaya maka wanda ya gina shi. Ba don alfahari ya ɗora bene ba. Ya ɗora ne don ya hango jiragen fatake tun suna nesa, ya riga masu saye isa bakin ruwa. Bawan da ya gudo kuma a saman nan yake ɓoye shi, ya zauna a matakala da Alƙur'ani a cinya, ya ce duk mai hawa sai dai ya taka shi. Yakan tsaya tsakiyar kasuwa ya ce mutum ba haja ba ne. Saboda haka aka ƙone masa jirgin goro, aka daina amsa sallamarsa, har 'yan uwansa Hausawa suka ƙi bin sa salla. Ko ruwan alwala bai taɓa sa wani daga cikin waɗanda ya fanso ya ɗebo masa ba.

Yanzu ka sa a duba maka bangon falon naka. Akwai mari guda da ya fi sauran kauri, baƙi, mai tsaga a gefe. Shi aka fara dannawa a dokin ƙofar. Na Baba ne. Yana saurayi aka kamo shi a yaƙi aka gangaro da shi Kwara, ya yi shekaru yana dako kafin ya fanshi kansa. Bai taɓa ɓoyewa ba, yakan naɗe ƙafar wando ya nuna wa fatake tabon. Ku ne ba ku taɓa tambaya ba, kuka ishe bene kuka ɗauka daga sama ya faɗo.

Asalin da kake nema ke nan, kuma ni ban san wanda ya fi shi ba. Indo da ka kira baiwa, Baba 'yata yake ce mata, ita ta goye ubanka. In ta mutu a gindin mangwaro, kada ka zo mini gaisuwa.

Allah ya shirye ka. Wassalam.
Baffanka, Hammadu.

Diyobu, Fatakwal.
Agusta, 1960.

Ramlatu,

Sallama da gaisuwa. Ba na jin daɗin jikina, a taƙaice zan rubuta.

Baffa ya rubuto. Ban san me ya sa tsofaffi ba sa iya riƙe bakinsu ba. In maganar nan ta kai kunnen Maikuɗi, na gama yawo a zango.

Ki sa Ernest ya sauke ƙarafan nan duka. A zuba su a buhu, a ba mai kwalekwale ya jefa a tsakiyar Kwara. A shafe dokin ƙofa da siminti sumul. Kada ki yi zancen da kowa, ko da Haulatu. Tun da an sauke su, sai Indo ta shiga ɗakinta, kowa ya huta.

Ki yi yadda na ce. Wassalam.
Bubayero.

Benen Auta, Anacha.
Satumba, 1960.

Yaya,

Assalamu alaikum, yaya jiki? Allah ya sawwaƙe.

Jiya kana alfahari da su, yau kana jin kunyarsu, kuma duka biyun ban ga Kaka a ciki ba. Duk da haka na sa an sauke. Na je gindin mangwaro na ce, "Iya, an cire su daga bango, za a kai kogi, taso mu shiga." Ta dube ni, ta yi tari har na tsorata, sannan ta ce, "'Yar nan, in an kai kogi, me zan taka?"

Ban jefa ba. Ernest ya kwaɓa siminti, ni na jera su a dokin ƙofa da hannuna, na Kaka, wanda Baffa ya rubuto mini labarinsa, a tsakiya, bayansu a waje yadda kowa zai gani. Iya ba ta jira ya bushe ba. Ta dafa kafaɗata, ta ce bismillahi, ta taka ta shiga. Ernest ya ɗauko cokalinsa na gini zai shafe sawun, na ce ya bari. Yanzu tana ɗakinta, ta sha kunu, tarin ya fara sauƙi.

Fenti ya bushe, gida ya yi kyau, ka kawo baƙinka. Sai dai ka tuna ƙofa ɗaya Kaka ya yi wa gidan nan. Ta nan za ku shiga, kai ne a gaba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Ramlatu jikar Auta.