Tabon Ƙodar Auta

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan sai godiya.

Sau uku ina kiranka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto. Ba haka na rene ka ba.

Sakamakon Auta ya fito. Likita ya ce ƙodojinsa biyu duk sun yi tabo, kuma tabo ba ya tace jini, ba ya warkewa. Sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, awa huɗu yana kwance. Ƙafafunsa sun kumbura, ko keken ɗinkin ba ya iya takawa. An rufe shagon.

Sai dashen ƙoda. Ana so a gwada jinin 'yan'uwa, kai ne kaɗai kuke ciki ɗaya da shi. Ka zo. Aiki ba uzuri ba ne a gaban Allah.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ya jikokina? Amsarka ta iso. Ban taɓa zaton ɗan da na haifa zai rubuta mini irin wannan ba.

Amma ba ƙarya ka yi ba. Shekara tara Auta yana kukan ciwon baya, ni kuma ina ce masa lalaci ne. Kullum da safe ni nake ajiye masa ƙwayar ciwon jiki biyu kusa da kofin shayi, in tsaya a kansa har ya haɗiye ya tafi shago. Ka hana, na ce ka fita daga gidana. Likita ya ce ƙwayar ce ta ɓata ƙodar, ya tambayi wa ke ba shi, Auta ya ce shi yake saya da kansa. Ina zaune a wurin, ban buɗe baki ba.

Jiya na kai kaina a gwada. Sun auna ni, suka ce da shekaruna da hawan jinina ba za su taɓa ƙodata ba.

Ka ce ba za ka shiga ɗakin da nake ciki ba. Na ji. Ban nemi yafiyarka ba, uwa ce ni. Amma shi bai yi maka komai ba.

Ranar Talata ake gwajin, ƙarfe tara, a asibitin, hawa na biyu. Kada ka ci komai kafin ka zo. Zan zauna a gida ranar, da duk ranar da ka zaɓa bayanta.

Mahaifiyarka.