Kurar da Rifkatu ke ba abinci

Asabar da dare, Kudenda

Na dawo ba tare da Rifkatu ba. Da niyyar ɗauko 'yata na je gandun dajin da aka tura ta bautar ƙasa, don tun da ta ce kura take ba abinci na daina barcin kirki.

Ta sa ni a motarsu mai buɗaɗɗen baya, muka zaga. Na ga gada, na ga birai, amma kurar ce ta tsaya mini a rai. Daga hannun masu wasa da kura aka karɓo ta. Har yanzu shatin takunkumi na nan a bakinta, gashi bai fito ba. Wai in ta jiyo ganga daga ƙauye sai ta kwanta, ta ƙi abinci.

Na ce, "Ba ta cizo?"

Rifkatu ta yi dariya. "Haba Mama, ita ke tsoronmu."

Ina yarinya na sha bin masu kura a kasuwa ina tafi, ban taɓa tunanin igiyar da ake ɗaure kurar da ita na mata ciwo ba. Na tambayi Rifkatu, shin dabba tana mantuwa? Ta ce abin da ita ma take jira ta gani ke nan.

Sai na kasa ce mata ta haɗa kayanta. Ni ma ina son in ji amsar.