Sunan da Na Ba Di'o

Makurɗi, 4 ga Maris, 1953

Zuwa ga Yaya Mudi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya jikin Inna, da iyali, da mutanen Ƙarfi? Ni dai ga ni nan, zazzaɓin bakin kogi bai sake ni ba.

Takardarka ta iso. Na ji Razdan zai kafa majalisar da za ta riƙa ba shi shawara kan noman auduga, kuma kujera ɗaya ce ta ƙasar Malumfashi, ko kai ko Mahadi, manomin nan na wajenmu. Ka ce in sa maka baki wurin Di'o tunda na taɓa yi masa tafinta, in ka shiga ka roƙa a maido ni gida. Yaya, ka san inda ke mini ciwo.

Ban manta ba, Mahadi ne ya miƙe a kasuwar auduga ya ce malaman sikeli duk ɓarayi ne. Bai ware ni ba, alhali ya san ban taɓa tauye wa kowa awo ba. Maganarsa ce ta jefo ni nan, ina cin doya kamar magani. Har yau ba na son jin sunansa.

To amma Di'o ya riga ka aiko mini da tambaya: wanne ne cikinku zai faɗi gaskiyar manoma a gaban Razdan? Na juya ta, na juya. Sai na tuna shekarar da jami'an gona suka raba irin audugar da bai tsiro ba. Kai ka durƙusa ka yi godiya. Haka aka rene mu, ban ga laifinka ba. Mahadi kuwa ya tono mataccen irin, ya ciko hularsa, ya zube musu a kan tebur.

Na san majalisar nan ta shawara ce kawai, su ji su yi abin da suka ga dama. Amma ko ba za a ɗauka ba, a dai faɗa. Na ba da sunan Mahadi.

Kada ku jira ni bana. Ka ba maƙwabcinmu Jibo gonata ta bakin rafi ya noma. Inna kuwa, ka ce mata hutu ne ba a ba ni ba. Sauran ni zan gaya mata, in Allah ya sa na tarar da ita.

Ka gai da kowa. Har Mahadi, in ka iya. Ni ban iya ba tukuna.

Ƙaninka,
Talha