Keken ɗinkin Afala

Zuwa ga ƙanena Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki? Yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan Tawa lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Ɗalibanka uku sun zo, waɗanda kake koya wa ƙera kayan likita a jami'a. Sun ce ka hana su zana komai sai sun ga yadda ake fama a ƙauye. Na raka su likitar Afala, wato asibitin ƙauyen. Can suka tarar da tsohon keken ɗinkin da na mayar injin juya kwalaben jini don awo, ana taka shi da ƙafa saboda rashin wuta. Suka kewaye shi suna ɗaukar hoto. Wata yarinya cikinsu ta tambayi majo, shugaban wurin, wa ya ƙera. Ya ce, "Wani makaniki ne." Ina tsaye, riƙe da jakarsu.

Mamman, na fi ka maki a lakkwal, makarantar boko, ni na koya maka haɗa waya. Kai aka ba aji, ni aka bar ni da gyaran fanka a bakin kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ta duba sau ɗaya ta ce a yi wa injin murfi, kada kwalba ta fashe a fuskar mutum. Gaskiyarta. Shekara da shekaru ban gani ba.

In za su ƙera nasu, igiyar roba ba ta jure zafin ƙasarmu ta Adar, ta fata ake sawa. Kada ka faɗa musu. Bari su dawo su tambayi makanikin.

Gai da kowa, a sa mu a addu'a.

Yayanka,
Illa