Ƙeyar Dabo

Gwaram,
9 ga Nuwamba, 1976.

Zuwa ga Manu makaɗi, masaukin 'yan wasa, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kafaɗar nan taka da igiyar ganga ta cinye? Mu nan sai godiya, an fara yankan dawa. Malam Iliyasu ne ke rubutawa a rumfarsa, na kuwa ce kada ya sa wa maganata zuma.

Manu, ka ci amanata. Kana tsaye yaron gwamnatin nan mai wando kamar buhu, wanda aka aiko ya zaɓi masu rawar garma da za su gasar Kano, ya ce ni ƙeya nake nuna wa mutane. Wai a dandamali makaɗi baya yake tsayawa, mai rawa ya fuskanci jama'a, ya yi kirari, ya washe haƙora. Na saɓa garmata na hau mota. Kai kuwa ka zauna kana yi wa Maikano kiɗa. Maikano fa! Mutumin da ya cilla garma sama ta dawo masa a ɗan yatsa, a gaban surukansa.

Ban manta shekarar 'yancin kai ba. Ni na yi rawar, shi aka ba riga, don ya iya zagaya manya da gaisuwa, ni ina bayan rumbu ina shan iska. Ran nan ma ba ka tsaya mini ba.

Ka gai da wanda ya tambaye ni, in akwai.

Ni ne,
Dabo.

Gwaram,
23 ga Nuwamba, 1976.

Manu,

Sallama da gaisuwa. Ya baƙunta, ya tuwon gwamnati? An ce har da burodi ake ba ku, Allah ya sa bai ɗaure maka ciki ba.

Takardarka ta iso. Ka ce girman kai ne ke damuna. Har da kai? To saurara, don gaya wa takarda ya fi mini sauƙi.

Tun muna samari a gayya, kana gaba kana ja da baya da gangar noma, ina bin ka da garma. A nan na koyi rawa, hannunka nake kallo. Da muka koma fage ban sake hali ba: inda ka tsaya, nan gabana yake. Mutane suna bayana kamar ruwan sama a kan jinka, ina jin su, ba sa jiƙa ni. Ran da yaron nan ya kama kafaɗata ya juya ni, na ga idanu jere, sai ƙafata ta mance abin da ta sani tun kafin a haife shi.

Ba ƙin mutane nake ba. Taro ne ke tsotse ni yadda rani ke tsotse kududdufi, sai na keɓe nake cika. Matata marigayiya Azumi kaɗai ta gane. In na dawo daga wasa, fura take ajiye mini ta saki asabari, ba tambaya. Allah ya jiƙanta. Kirarina kuwa a bakinka ya girma, don me yanzu za a ce in ƙwace shi in yi ihu da kaina?

Gwiwata ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ba na jin zan ƙara wata kakar a fage. Na so Kano ta ga rawar Gwaram ta gaskiya kafin in jingine garma. Amma ba zan roƙi sa'an jikana ba.

Malam ya ce bai taɓa jin na yi magana mai tsawon wannan ba. Ni ma haka.

Dabo.

Gwaram,
4 ga Disamba, 1976.

Aminina Manu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin da aka ce kana yi ya lafa. Ka bar shan ruwan randa da sassafe, ba ka jin magana.

Na ji abin da ka yi. Wai ka ajiye ganga a gaban yaron, ka ce ba za ka ƙara taɓa ta ba sai an ba ka wuri a layin gaba, cikin 'yan kallo. Kuma wai ya sosa kai ya ce a gwada ran Juma'a. Wata guda ka yi kafin wannan dabara ta zo maka? Da ma kanka bai taɓa saurin hannunka ba.

To ga nawa sharaɗin. Ba zan yi murmushi ba. Kirari kai za ka yi. In an tashi kada a neme ni, ka samo mini gindin bishiya. Maikano ya je ya gai da manya, in akwai riga a ba shi, ya saba.

Ka sa farar hularka don idona ya same ka da wuri, kuma kada ka motsa daga wurin ko wane ne ya zo. Su za su ce su nake kallo. Bar su, ba sa bin mu bashin bayani.

Na sa wa garma sabuwar ƙota. Ina tafe a motar safe.

Naka, wanda bai gama hucewa ba,
Dabo.