Dawar da Ta Ɗaure Ni

Laraba, 9 ga Rabi'ul Awwal, 1290. Gwaram.
Yau shekara huɗu cif da mijina Iliyasu ya kora jakunansa ya nufi Bauchi da kayan rini. A takarda dai ina iya rubuta sunansa, tunda ba mai ji. Ayarin ya dawo, shi bai dawo ba. Wasu sun ce maharan Ningi ne suka tare su, wasu sun ce an gan shi a Zariya. Babu gawa, babu saƙo.

Ni Zahara'u na yi haƙuri iya haƙuri. Shekarata ashirin da takwas, ban taɓa goyo ba, kuma ina so in yi kafin lokaci ya wuce ni. Ba na jin kunyar rubuta wannan. Tun ina gidanmu na ji marigayi Baba yana karantar da cewa matar wanda ya ɓata tana jiran shekara huɗu, sai alƙali ya sallame ta. To, na cika. Gobe zan gaya wa surukata Inna Hawwa cewa zan je Birnin Kudu gaida yayana Malam Sada. Ba zan ce mata don me ba.

Litinin, 14 ga wata. Birnin Kudu.
Mun kwana a Sara, mun iso da la'asar. Bayana kamar an daka. Yaya ya ji abin da ya kawo ni, ya yi ta shafa gemu. Ban so hakan ba.

Laraba, 16 ga wata.
Kai, yau na sha kunya.

Na durƙusa gaban alƙali, na zayyana komai, har da cewa na cika shekara huɗu ba ragi. Tsoho ne mai sanyin murya. Ya tambaye ni yaushe na fara kawo ƙara. Na ce yau. Sai ya ce:

"Ai 'yata, daga ranar da aka kawo ƙara ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da ya fita ba. Sai an aika an nema, an rasa, sannan a sa miki shekara huɗu."

Wato huɗun da na yi sun tafi a banza, sai wasu huɗu. Ya ƙara da cewa in ma aka tabbatar kama shi aka yi, yana hannun mahara da ransa, huɗun ma ba su isa ba.

Yanzu na tuna ranar da Baba yake wannan karatu a zaure. Ina laɓe bayan zana ina saurare, sai tuwo ya fara kamawa, na ruga madafi. Rabin hukunci na ji, na ɗauke shi a ka shekara da shekaru ina taƙama ni 'yar malam ce.

Alhamis, 17 ga wata.
Ban ci komai ba. Amma ba zan koma in zauna wasu huɗun ba, ko me za a yi.

Asabar, 19 ga wata.
Na tsare Yaya bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Na ce me ya hana shi gaya mini tuntuni? Ya ce ai ban taɓa tambaya ba, ya ɗauka zaman nake so. Malamai ke nan, sai ka tambaya.

Na sa ya buɗe mini babin tun daga farko, wannan karon babu tukunya a wuta. Ya ce alƙali yana raba aure in an tarar ma'aurata sun sha nono ɗaya, ko akwai wata haramci tsakaninsu. Yana rabawa in an ɓoye wa mace aibi irin hauka ko kuturta, ko namiji ya kasa kusantar iyalinsa an ba shi shekara bai warke ba. Yana rabawa in ana cutar da ita, da shaidu. Duk ba nawa. Iliyasu ko tsawa bai taɓa yi mini ba.

Saura ɗaya. In miji ya tafi bai bar abin da za a ciyar da matarsa ba, wannan ba ta jiran shekaru. Shaidu biyu, ɗan jinkiri, rantsuwa, shi ke nan.

Har na fara murna, sai na tuna. Ƙanin mijina Datti duk kaka yana cika mini rumbu da dawa, yana cewa daga gonar yayansa ce da ke hanyar Basirka. Matuƙar daga dukiyar mijina nake ci, ƙofar nan a rufe take. Yaya ya kalle ni ya ce kada in kuskura in yi tunanin rantsuwa a kan ƙarya. Na ce masa ni ma ubana ɗaya da shi.

Lahadi, 11 ga Rabi'us Sani. Gwaram.
Na dawo. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Inna ta tare ni da murna, ta ce gidan ya yi mata faɗi. Ta ce ta yi mafarkin ɗanta ya yi ƙiba. Na ce Allah ya sa. Kullum abin da nake cewa ke nan.

Duk lomar da na kai baki yanzu sai in ji kamar igiya nake haɗiya.

Alhamis, 14 ga Jimada Ula.
Muna surfe da facalata A'i, matar Datti. Tana ta mita, wai rumbunsu ya ga ƙasa tun gero bai fid da kai ba, yara sun koma tafasa da rama. Na ce ikon Allah, ga gonar yayansa ma ta fi tasu albarka. Sai ta yi tsaki ta ce, "Wace gonar?" Sannan ta kama bakinta, ta shiga ba ni labarin wata akuya.

A'i ba ta iya ƙarya ba, ko da kuwa ta yi wanka ta shirya mata.

Talata, 19 ga Jimada Ula.
Na ce zan je dubiyar gwaggona a Basirka, kuma na je ɗin, don kada in yi ƙarya. Amma a hanya na sa tsohuwar da ta raka ni muka ratse. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka gonar ba, matan gidanmu ba sa zuwa gona. Kwatance kawai na sani, bayan rafi, kusa da tsamiya biyu.

Na tarar da wani mutum yana maimai. Na gaishe shi, na tambaya ko nan ce gonar Iliyasu. Ya ce a da dai. Ta ubansa ce, aro aka ba Iliyasu, kuma da damina biyu suka wuce ba a gan shi ba Datti da kansa ya zo ya mayar. Ya ce kowa ya sani.

Kowa ban da ni da Inna.

Na zauna a gindin tsamiyar. Murna nake, ba zan ɓoye ba. Kuma ina jin kunya, domin dawar 'ya'yan A'i na daɗe ina ci.

Juma'a, 22 ga wata.
Na tare Datti a bakin rumbu bayan an sauko daga masallaci. Na ce na je bayan rafi. Bai musa ba. Ya ce jakuna da kaya duk sun tafi da yayansa, ɗakin da nake ciki ma na Inna ne. Ya ce ya yi haka ne don kada in ji ni nauyi ce, kuma don tsohuwa.

"In dai ana cewa gonarsa tana ba da amfani, kina nan a ɗakinsa, to a wurin Inna yana da rai. Ranar da na tsaya gaban alƙali na ce bai bar komai ba, ranar na binne mata shi."

Na ce, "Ni kuma fa, Datti? Da raina za a binne ni don ta ji daɗi?"

Ya juya ya tafi. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Lahadi, 24 ga wata.
Ban bari ta ji a bakin wani ba. Na durƙusa na gaya wa Inna komai. Ta ce ashe gaisuwar da na je yi ke nan. Tun daga nan ba ta sake ce mini uffan ba. Na kai mata kunu, ta ture da ƙafa.

Daga yau na daina taɓa rumbun. Ina kaɗi, A'i tana kai mini zaren kasuwa, da shi nake ci.

Alhamis, 5 ga Jimada Sani.
Datti ya yi sallama a ƙofar ɗakina, bai shigo ba. Ya ce ya ga rumbun yadda ya bar shi. Ya ce zai je gaban alƙali, kuma mai gonar ma ya yarda zai yi shaida. Muryarsa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Na yi masa godiya, ya ce in bar godiyar.

Litinin, 16 ga Jimada Sani. Birnin Kudu.
Sun yi shaida su biyu. Alƙali ya tambayi Datti ko wakilci yayansa ya bar masa na ciyar da ni, ya ce a'a, kyauta ce daga kansa, kuma ga shi na ƙi karɓa. Yana faɗa yana kallon ƙasa. An sa wata guda, za a yi cigiya a kasuwanni da bakin fatake. Zan jira a gidan Yaya.

Laraba, 17 ga Rajab.
Ba a ji komai ba. Na yi alwala, na rantse cewa Iliyasu bai bar mini abin ci ba, bai aiko ba, ban kuma yafe masa ba. Alƙali ya raba auren, saki ɗaya. Ya ce in koma in yi idda a ɗakina, tsarki uku, kuma in Iliyasu ya dawo cikin iddar da abin ciyarwa yana da ikon mayar da ni.

Na ɗauka zan yi guɗa a zuci. Yunwa kawai na ji, na ci tuwo malmala biyu.

Asabar, 10 ga Ramalan. Gwaram.
Saura tsarki ɗaya. Wani lokaci in na ji kukan jaki a waje sai gabana ya faɗi, ban san ko tsoro ne ko mene ne ba. Ba na son in bincika.

Inna ta rame. Har yanzu ba ta yi mini magana, amma jiya da na ajiye mata kunun buɗa baki ta sha. Ƙafarta ta kumbura, na dafa ganye na gasa mata. Ta bar ni na gasa, tana kallon bango.

Lahadi, 16 ga Shawwal. Birnin Kudu.
Idda ta cika ranar Laraba. Bai zo ba. Ni yanzu ba matar kowa ba ce, kuma matar Yaya har ta fara yi mini zancen wani maɗinki da matarsa ta rasu. Na ce a bari in huta tukuna, amma ban ce a'a ba.

Ranar da zan taho, Inna ce ta naɗe mini tabarma da hannunta. Ta rako ni har zaure tana dafa bango. Na durƙusa in nemi gafara, sai ta riga ni magana, karo na farko cikin wata biyar.

"In kin haihu ki kawo mini in gani. Ba ni da wani wanda zan jira yanzu."

Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan.

Turmina na baro shi can, ya yi wa jaki nauyi. Yaya ya ce zai sa a sassaƙa mini sabo, na ce a'a, wancan na saba da shi, zan je in ɗauko da kaina bayan an gama girbi. A'i ba ta iya gashin ƙafa ba, ruwan take bari ya huce.